Hayar Gidan Kafin Yaƙi a Birnin Niyu Yok

Ku 'yan makaranta, kun sani a ƙasarmu in mutum ya tashi neman ɗakin haya, abin da ya ke fara tambaya shi ne, "Sabon gini ne?" In an ce masa tsoho ne sai ya ɓata fuska, ya shiga tunanin yoyo da gara da faɗuwar katanga da damina. To, a birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka abin ya sha bamban. Can in dillali yana son ya yabi gida, sai ka ji ya ce, "Ai wannan na kafin yaƙi ne." Yaƙin da ya ke nufi shi ne Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka fara a 1939, Amurka kuwa ta shiga a ƙarshen 1941. Duk gidan benen da aka gina tun daga wajen 1900 zuwa wannan lokaci, shi a ke kira na kafin yaƙi. Watau ƙaramin cikinsu ya ba shekara 80 baya, waɗansu sun haura 100, amma mutane suna ribibinsu kamar an ce gobe za a daina haya.

Irin wannan gida mu ke haya da iyalinmu tun ƙarshen 2023, sa'ad da aikin koyarwa ya kai mu wannan birni. Mun ga ya kamata mu ba ku labarinsa, domin a cikinku akwai waɗanda karatu zai kai irin waɗannan ƙasashe, an kuwa ce baƙo ko da ido makaho ne. Amma kada ku ji mun ce gida ku zaci irin namu ne, mai zaure da tsakar gida da turaka da rumbu a gefe. Gini ne guda na jan tubali, hawa shida, kowane hawa an yanka shi sassa-sassa. Kowane sashe yana da falo, da ɗakin kwana ɗaya ko biyu ko uku, da madafa, da makewayi, duka a bayan ƙofa guda. Sashe ɗaya, iyali ɗaya. Ginin da mu ke ciki ya ɗauki iyali fiye da 50, watau ƙauye sosai, sai dai an ɗora shi bisa juna. Ba shi da mai unguwa, sai wani ma'aikaci da ke zaune a ƙasan gini yana kula da shara da famfo da wutar ɗumama ɗakuna. Shi a ke kira supa.

Duk wanda ya shiga irin wannan sashe ba ya bukatar a gaya masa dalilin ribibin. Bango mai kauri ne, an shafe shi da filasta. Rufi ya yi sama, har dogon mutum ya miƙa hannu bai taɓo ba. Daɓen na katako ne mai ƙarfi, an jera shi ƙanana-ƙanana kamar saƙar tabarma. Ɗakuna da faɗi, kowanne da tagarsa. Sababbin gidaje kuwa da yawa bangonsu wani irin allo ne da a ke kafawa jikin ƙarfe, in maƙwabcinka ya yi atishawa sai ka ji kamar ka yi masa addu'a. Sabo da haka masu haya suka tsaya kan cewa da tsohuwar zuma a ke magani.

Wannan kyau kuwa doka ce ta haife shi. A ƙarni na 19 talakawan Niyu Yok, galibi baƙi daga ƙasashen Turai, an cusa su cikin waɗansu gidajen bene masu duhu. Ɗakuna da yawa ba taga, makewayi ɗaya na mutane barkatai, tarin fuka yana ta kwasar rayuka. A 1890 wani ɗan jarida, Jacob Riis, ya buga littafi da hotunan waɗannan wurare, masu hali suka ga abin da ba su taɓa leƙawa ba. A 1901 aka kafa dokar da ta ce duk gidan hayar da za a gina, kowane ɗaki sai ya sami tagar da ke shan iska da haske, kowane sashe sai da makewayinsa, a kuma bar fili a tsakiya ko a bayan gini. Duk tagar da mu ke buɗewa yau, mutane da yawa sun mutu a ɗaki mai duhu kafin a tilasta magina su huda ta.

Birnin ya kasu gundumomi biyar, mu kuwa a Bronx mu ke, wadda ke arewa. A tsakiyarta akwai wani babban titi da a ke kira Grand Concourse. Wani injiniya haifaffen Faransa, Louis Risse, shi ya zana shi, yana koyi da babban titin nan na birnin Faris. Aka buɗe shi a 1909. Faɗinsa kamar ƙafa 180, tsawonsa ya haura mil 4. Da jirgin ƙasa na cikin gari ya iso kusa da shi a 1917, wani kuma ya bi ta ƙarƙashinsa a 1933, sai magina suka yi ca, suka jera benaye dama da hauni. Yawancinsu hawa biyar ne ko shida. Ruwan birnin daga duwatsun arewa ya ke gangarowa, ƙarfinsa kuwa ya kan kai wajen hawa na shida ba tare da inji ba. Ginin da ya wuce haka sai an ɗora masa tankin katako a ka. Waɗanda aka gina wajen 1930 zuwa 1940 sun fi ado. Akwai wani mai lamba 1150, na 1937, an yi wa ƙofarsa zanen kifaye da ƙananan duwatsu masu launi, har yau mutane na tsayawa kallo.

Waɗanda suka fara zama cikinsu galibi Yahudawa ne da suka sami abin hannu suka baro waɗancan gidaje masu duhu, da waɗansu mutanen Ayalan da Italiya. Daga baya suka riƙa tashi, musamman da aka buɗe wata babbar unguwa mai suna Co-op City a 1968, mai sassa fiye da 15,000. Daga 1970 zuwa 1980 kudancin Bronx ya sha gobara da talauci, gidaje masu yawa suka zama kufai. Amma yawancin benayen wannan titi sun tsira. Yau baƙaƙen Amurka ne ciki, da masu jin Sifaniyanci daga tsibiran Karibiyan, da mutanenmu na Afirka ta Yamma, 'yan Gana da Gambiya da Mali da Gini da Nijar da Nijeriya. In ka shiga waɗansu kantuna a tsakiyar Bronx ka tarar da kuka da daddawa da manja, ka kuma ji ana ciniki da Hausar Zangon Kumasi, sai ka manta teku ka ƙetaro.

Samun sashen shi ne jan aiki. Ƙidayar da hukumar birnin ta yi a 2023 ta nuna cikin kowane sashen haya 1,000, guda 14 kaɗai ne ba kowa ciki, rabon da a ga ƙaranci irin wannan tun 1968. Sabo da haka mai gini shi ke zaɓe. Al'adarsu ita ce albashinka na shekara ya ninka kuɗin hayar wata sau 40. Ga lissafi, ku 'yan aji huɗu: in haya dala 2,000 ce a wata, sai mai samun dala 80,000 a shekara. In ba ka kai ba, ka kawo wanda zai tsaya maka, shi kuwa a kan nemi nasa ya ninka sau 80. Sa'an nan su bincika tarihin yadda ka ke biyan bashi. Nan ne abin ya ba mu mamaki. A gida, mutumin da bai taɓa cin bashi ba shi a ke yabo. Can kuwa wanda bai taɓa ci ba, ba a san halinsa ba, kamar ɗalibin da ya zo ba takardar shaida daga tsohuwar makarantarsa.

Amma doka ta ɗaure hannun mai gini ta wajaje da yawa, wanda bai karanta ba ne kawai ba zai sani ba. Tun 2019 ba a karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar wata ɗaya, ana kuma mayar da shi cikin kwana 14 bayan ɗan haya ya tashi, in ba ɓarnar da aka lissafa masa a rubuce. Kuɗin binciken mai nema ba ya wuce dala 20. La'adar dillali ce ta fi ciwo a lokacinmu, don ta kan kai hayar wata guda, wani lokaci har kashi 15 cikin 100 na hayar shekara, ɗan haya kuwa shi ke biya ko da mai gini ne ya ɗauko dillalin. Mun biya tamu muna haɗiyar yawu. Tun watan Yuni na 2025 aka sake doka, wanda ya ɗauko dillali shi ke biyansa.

Akwai kuma wata fa'ida ta tsohon gini wadda ta fi daɓen katako daraja. Ginin da ke da sashe shida ko fiye, wanda aka gina kafin 1974, yawanci yana ƙarƙashin dokar ƙayyade haya, wadda asalinta ta 1969 ce. Sassa wajen miliyan ɗaya ke ƙarƙashinta. Mai gini ba ya ƙara haya yadda ya ga dama. Wani kwamiti na mutum tara da magajin gari ke naɗawa shi ke zama kowace shekara a watan Yuni ya yanke abin da za a ƙara. In wa'adin takardarka ya cika, tilas a sabunta maka muddin kana biya, ba ka kuwa karya sharaɗi ba. Ga mai iyali wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama yawancin makarantun firamare na gwamnati bisa ga adireshi su ke ɗaukar yara. In an tashe ka daga gida, sau da yawa an tashi ɗanka daga ajinsa ke nan. Mu malamai mun san abin da sauya makaranta a tsakiyar shekara ke yi wa karatun yaro.

To, ina ne unguwar da ta dace da mai yara? Kowa ka tambaya sai ya ce tasa. Dillalin da ke tsoron doka kuwa ba ya yarda ya gaya maka irin mutanen da ke zaune a unguwa, domin dokar ƙasa ta 1968 ta hana nuna bambanci wajen ba da gida, a 1988 kuma aka ƙara cewa ba a hana mutum haya don yana da 'ya'ya. Sai muka bar tambaya muka kama tafiya da ƙafa, tun da gani ya kori ji. Muka riƙa zuwa unguwa da safe lokacin tafiya makaranta, mu komo da la'asar, mu sake komowa bayan lisha. Muna duban ko akwai tsofaffi zaune bisa benci, ko mata na tura kekunan jarirai ba sa waige-waige, ko titi nawa yaro zai ƙetare kafin ya isa makaranta. Muna kuma auna nisan wurin da babbar hanyar nan ta manyan motoci da ta ratsa tsakiyar Bronx daga gabas zuwa yamma, domin unguwannin kudancin gundumar sun yi suna wajen ciwon asma na yara, hayaƙin motoci kuwa yana cikin abin da a ke zargi. Daga ƙarshe muka tsaya a Bedford Park, can ƙarshen titin ta arewa, inda wata doguwar hanya mai itatuwa da ciyawa, Mosholu Parkway, ta haɗa manyan lambuna biyu. Lambun tsirrai na birnin yana kusa, gidan namun dajin da aka buɗe a 1899 yana gaba da shi kaɗan.

Ranar da za mu duba sashen, wani dattijo mutumin Zangon Kumasi, wanda ya shekara fiye da 30 a garin, ya raka mu. Muka shiga, muka tarar da falo irin wanda a ke sauka matakala biyu kafin a taka shi, rana ta zubo ta tagogi har tsakiyar ɗaki. Uwargida ta dube mu, muka dube ta. Dattijon nan ko kallon falon bai yi ba. Ya tafi wajen taga ya ɗaga ta ya sauke, ya shafa yatsa a gindinta ya duba. Ya koma ƙofar shiga ya buɗe ta rabi ya saki. Sa'an nan ya juyo ya ce, "Malam, yara nawa za ka rubuta a takarda?"

Muka ce, "Baba, ai Allah ya ba mu, sai godiya."

Ya ce, "Na san da haka, Malam. Amma nan ba gida ba ne. Ka rubuta su duka, da shekarunsu, har na goye. Wanda ba ka rubuta ba, doka ba ta san da shi ba."

Kun san mu Hausawa ba mu son ƙidaya 'ya'ya a gaban mutane, wani don kunya, wani don tsoron baki. Waɗansu baƙi kuma su kan rage yawan 'ya'yansu da gangan, suna tsoron kada mai gini ya ji yara uku ko huɗu ya ba wani. Tsoron nan ba na banza ba ne, ana yi a ɓoye ko da ya ke doka ta hana. Amma ga abin da mai ɓoyewa ke saye da shirunsa.

A zamanin da aka gina waɗannan gidaje, fenti mai kyau da dalma a ke haɗa shi, don ya yi ƙarko ya yi sheƙi. Birnin Niyu Yok ya hana shafa shi cikin gidajen zama a 1960, ƙasar duka kuwa sai 1978. Amma hana sabo bai kankare tsoho ba. Yana nan ƙarƙashin fentin da aka yi ta shafawa bisansa, wani kan wani kamar ɓawon albasa. Muddin bango yana lafiya lau, ba ya ɓarewa, to, da sauƙi. Inda ya ke fitowa shi ne wurin da abu ke gugar abu, kamar taga in ana ɗaga ta ana saukewa, ko ƙofa in tana cizon dogaranta. Sai ya zama ƙura mai laushi, ta sauka a daɓe. Yaro mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki. In ya sami ɓarɓashin fentin ma ya kan tauna, don yana da ɗan zaƙi. Ba lalle ya yi zazzaɓi ba, ba lalle ya yi kuka ba. Dalma ta bi jini ta tafi ƙwaƙwalwa, ɓarnar da ta yi kuwa ba ta gyaruwa. Sai bayan shekara biyar ko shida, a cikin aji, malami ya ga yaro ba ya iya zama wuri ɗaya, abin da aka koya masa jiya ya zube yau, a ce masa daƙiƙi, alhali kuwa taga ce ta cuce shi. Wannan ne ya fi tsaya mana a rai, domin mu ne masu riƙe da alli a gaban irin waɗannan yara.

Ba baƙon abu ba ne gare ku. A 2010 a ƙauyukan Zamfara, inda a ke niƙa duwatsun zinariya cikin gidaje, ƙurar dalma ta kashe yara wajen 400. Can ta zo da yawa ta kashe nan take. A tsohon gidan bene kaɗan-kaɗan ta ke zuwa, ta bar yaro da rai ta rage masa fahimta. Guba ɗaya ce.

Dokar birnin ta 2004 ta ce duk ginin da ke da sashe uku ko fiye, wanda aka gina kafin 1960, a ɗauka akwai dalma a fentinsa sai in gwaji ya nuna babu. In yaron da bai kai shekara 6 ba yana zaune ciki, wajibi ne mai gini ya duba sashen kowace shekara, ya gyara inda ya ɓare da kuɗinsa, ta hannun ma'aikatan da suka san yadda a ke tare ƙura. Likita kuma ya kan gwada jinin kowane yaro yana shekara 1, ya sake yana shekara 2. To, yaya mai gini zai san akwai yaro? Kowane watan Janairu ya kan aiko da takarda yana tambaya, a mayar masa kafin 15 ga Fabrairu. Takarda ce ba ta da wani kwarjini, ta kan zo tare da tallace-tallacen kantuna, mutane da yawa shara su ke jefa ta.

Ita dai wannan takarda ita ke tambayar ko akwai yaro ɗan shekara 10 ko ƙasa da haka, domin tun 1976 doka ta tilasta mai gini ya kafa ƙarafa a tagogin irin wannan sashe, yadda ba ratar da ta wuce inci huɗu da rabi. Kafin wannan doka, kowace bazara yara su kan faɗo daga benaye. Tagar da ba a sa wa ƙarfe ita ce wadda ke fita kan matakalar ƙarfe ta gudun gobara, sai iyaye su sa ido a kanta.

Kada ku ce ai da sanyi tagogi a rufe su ke. A tsohon gini ba haka ba ne, ga kuwa dalili. A ƙasan gini akwai wata ƙatuwar tukunya da a ke dafa ruwa ciki har ya zama tururi. Tururin ya bi bututu ya hau, ya shiga waɗansu ƙarafa masu haƙarƙari da aka girke gindin tagar kowane ɗaki, ya ba da zafinsa, ya koma ruwa, ya gangara ta bututun da ya hau. In ruwan ya kwanta a hanya, sabon tururi ya zo ya buge shi, sai ka ji ƙara kamar maƙeri na dukan uwar maƙera cikin bango. Daren farko da aka kunna, ƙarfen ɗakin yara ya yi ta huci kamar kasa, 'yarmu ta biyu ta sheƙo ɗakinmu da gudu. Bayan annobar murar nan ta 1918, wadda ta ratsa duniya har ta iso ƙasarmu, masana lafiya suka dage mutane su riƙa barin taga a buɗe ko da hunturu. Sai injiniyoyi suka riƙa girka tukwane da ƙarafan da za su iya ɗumama ɗaki a ranar da ta fi kowace sanyi, taga kuwa tana buɗe. Annoba ta wuce, ƙarafa suna nan. Shi ya sa a watan Janairu, ƙanƙara ta rufe titi fari fat, in ka ɗaga kai sai ka ga tagogi a buɗe, mutanen ciki da 'yar shara. Ƙarfen kuwa ya kan yi zafin da zai sale hannun yaro, sai an yi masa akwati mai huda-huda.

Wannan in tukunya na aiki ke nan, mai gini kuma ba ya ƙyashin mai. Doka ta yanka masa: daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, da rana in sanyin waje ya sauka ƙasa da digiri 55 a ma'auninsu, ɗaki kada ya gaza 68, watau 20 a ma'aunin da ku ke koyo a makaranta, da dare kuwa kada ya gaza 62. In ya gaza, ɗan haya ya gaya wa supa, in ba a gyara ba ya buga lamba 311 ta hukumar birni, a aiko mai dubawa. Doka ta kuma hana mai gini ya rama a kan wanda ya kai ƙara. Amma mutanenmu da yawa suna ganin kai ƙarar mai gida rashin kunya ne. Sai su yi shiru, su sayo 'yar hita ta lantarki su kunna kusa da gado.

Ran 9 ga Janairu 2022, da safiyar Lahadi, irin wannan hita ta kama wuta a wani bene mai hawa 19 a titi na 181 a nan Bronx. Ginin na 1972 ne, ba na kafin yaƙi ba, amma abin da ya faru ya shafi kowane bene. Wutar kanta ba ta yi nisa da sashen da ta tashi ba. Mutanen sashen suka fita da gudu, ƙofar da ya kamata ta rufe kanta ba ta rufe ba, hayaƙi ya bi matakala ya cika ginin har sama. Mutum 17 suka rasu, 8 yara ne, dukansu hayaƙi ne ya kashe su, yawancinsu kuwa asalinsu 'yan Gambiya ne. Allah ya jiƙansu. Abin da dattijon nan ke gwadawa ke nan da ya buɗe ƙofa rabi ya saki. Doka ta ce ƙofar kowane sashe sai ta koma da kanta ta rufe har ta kama. Tamu ta koma, amma ta tsaya saura yatsa biyu. Ya sa aka rubuta gyaranta cikin takarda, da na fentin gindin taga, kafin mu sa hannu. Dillali ya yi tsaki ya ce akwai mutum huɗu suna jira. Dattijo ya ce, "To, su ma 'ya'yan mutane ne, a gyara musu."

Mu da muka saba da gidan da ƙofarsa ke buɗe tun asuba, yaran maƙwabta su shigo su fita ba sallama, rufaffiyar ƙofa ta yi mana nauyi. Sau da yawa hannu ya kan so ya tokare ta da takalmi don iska ta ratsa, ko don a ji motsin mutane. Ba mu yi. Abin da ya fi wannan wuya shi ne rashin tsakar gida. Filin da dokar 1901 ta sa a bari a tsakiyar gini na iska da haske ne, ba mai shanya, ba mai daka, ba yaron da ke langa ciki. Yaro kuwa ba ya fita shi kaɗai a ce jama'a za su duba shi. In yara za su yi wasa sai babba ya bar abin da ya ke yi, ya sa musu riguna uku-uku, ya kai su fili, ya tsaya. Da hunturu rana na faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, sai ɗakin karatu na unguwa ya zama mafaka, da ya ke kyauta ne, da ɗumi kuma.

In sun rasa fili sai su mai da falo filin tsere, su yi ta tsalle daga matakalan nan biyu. Bango mai kauri ya kan tare murya, amma daɓen katako ganga ne ga wanda ke ƙasa. Ba mu yi sati biyu ba muka ji ana bugun rufin ƙasa da sandar tsintsiya. Takardar haya ta riga ta ce a shimfiɗa darduma bisa kashi 80 cikin 100 na daɓe, muka shimfiɗa, amma ƙafar yaro ɗan shekara takwas ta fi darduma. Uwargida ta soya ƙosai ta sauka da shi, yara na biye. Ashe wata tsohuwa ce ita kaɗai, ta shiga ginin tun 1975, ta yi renon 'ya'ya huɗu a sashen, duk sun watse. Aka yi sulhu, ba tsalle kafin ƙarfe takwas na safe, ba tsalle bayan takwas na dare. Ita ce ta nuna wa yara wata 'yar ƙofa da aka liƙe da fenti a bangon madafa, ta ce a da wani akwati ne ke hawa da sauka da igiya a bayanta, kowane iyali ya sa shararsa supa ya jawo ƙasa. Yanzu in ta ji shiru ya yi yawa a sama, sai ta hau ta tambaya ko wani ba shi da lafiya.

Da wa'adinmu ya kusa cika a 2024, takardar sabuntawa ta iso wata uku da 'yan kwanaki kafin ranar, kamar yadda doka ta ce. Kwamitin nan na mutum tara ya yanke ƙarin kashi 2.75 cikin 100 ga mai son shekara ɗaya, 5.25 ga mai son biyu. Muka zauna da uwargida muka yi lissafi a bayan ambulan, muka ɗauki biyu, don babban ya gama firamare a inda ya fara. Da Janairu ta zagayo, takardar tambayar yara ta zo tsakanin tallan kantin kayan miya da na mai gyaran mota. Muka cika ta muka mayar da hannunmu, muka karɓi shaida. Sati bai cika ba supa ya hau da abin awo da fitila, ya bi tagogi ɗaya ɗaya, ya tarar ƙarfen ɗakin yara ya yi sako-sako ta gefen hagu, ya sake masa ƙusa.